Matani Babu Isnadi: Ɗan Aji Ɗaya a Jami'a da Manhajojin Ƙirƙirarriyar Basira

Ranar wata Talata da hantsi wata ɗaliba 'yar aji ɗaya ta same ni a teburin amsa tambayoyi na laburaren jami'ar da nake aiki, riƙe da takarda guda da ta bugo a shagon kwamfuta. Manazarta bakwai ne jere a jiki, duk a kan noman rani da ban-ruwa a arewacin Najeriya. Kowanne da sunan marubuci da shekara da sunan mujalla da juzu'i da lambar shafi, waƙafi da aya kowanne a mazauninsa. Ni da na daɗe ina gyara wa ɗalibai jerin manazarta, ban taɓa ganin ɗan aji ɗaya ya tsara nasa tsaf haka ba. Ta ce, "Malam, don Allah a taimaka mini. Tun jiya nake nema ban ga ko ɗaya ba, ga shi jibi za mu miƙa."

Muka zauna gaban kwamfuta muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka duba Google Scholar, muka leƙa AJOL, rumbun mujallun ilimi na Afirka, muka shiga rumbunan da jami'a ke biyan kuɗinsu. Biyu muka samu, ɗayansu ma shekarar da aka rubuta masa ba tasa ba ce. Sauran biyar babu su babu dalilinsu. Na huɗu ne ya fi ɗaure mini kai. Mujallar tana nan ana buga ta, marubucin farfesa ne na gaske kuma fanninsa ke nan, amma da muka buɗe juzu'in muka je shafin da aka ambata, sai muka tarar da maƙala a kan cutar kaji. Na tambaye ta inda ta samo jerin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Manhajar nan ta AI, ƙirƙirarriyar basira, ce ta ba ni, Malam. Amma wallahi sai da na tambaye ta ko na gaskiya ne, ta ce e."

Ban yi mata faɗa ba, domin wanda ya fi ta shekaru da sani ya faɗa wannan ramin. A 2023, a wata kotun tarayya da ke birnin New York na Amurka, lauya Steven Schwartz, mai shekara fiye da 30 a bakin aiki, ya shirya takardar shari'a a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca. Ya kafa hujja da hukunce-hukunce shida waɗanda babu kotun da ta taɓa yanke su. ChatGPT ce ta ƙaga masa su. Shi ma sai da ya tambaye ta ko na gaske ne, ta tabbatar masa. A watan Yuni na shekarar alƙali Kevin Castel ya ci shi, shi da abokin aikinsa da ofishinsu, tarar dala 5,000. In lauya mai furfura ya yi haka a gaban alƙali, me za a ce wa yarinyar da watanni uku da suka wuce take jiran sakamakon JAMB?

Tun daga 30 ga Nuwamban 2022, ranar da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, malaman jami'a suka rabu gida biyu: masu cewa a hana, da masu cewa a rungume ta hannu biyu-biyu. Masu son a hana sun makara. A Birtaniya cibiyar nazarin manufofin manyan makarantu ta HEPI ta tambayi ɗaliban digiri na farko a 2024, kashi 66 cikin ɗari suka ce suna amfani da irin waɗannan manhajoji. Da ta sake tambaya a 2025 adadin ya kai kashi 92. A wajenmu ma duk wanda ya zaga bayan ɗakin lakca ya leƙa wayoyin yara zai ga abin da ake ciki, ga shi an kawo irinta har cikin WhatsApp. Masu runguma kuwa sukan manta da wani abu guda: amfanin manhajar ya danganta ne da abin da mai tambayarta ya riga ya sani. Farfesa da ya shekara ashirin a fanni zai kalli amsarta ya tsince ƙaya ya ci tsoka. Ɗan aji ɗaya bai san ina ƙayar take ba. Don haka wanda ya fi kowa buƙatar taimakonta shi ne kuma wanda ya fi kowa rashin ikon gane lokacin da ta kauce. Duk maganar amfani da ita wajen koya wa sababbin ɗalibai neman bayani, a kan wannan ƙulli take juyawa.

Shi wannan neman bayani fanni ne mai tarihinsa a wajen ma'aikatan laburare. Abin da ake nufi shi ne mutum ya gane lokacin da yake buƙatar bayani, ya san inda zai nemo shi, ya iya auna ingancinsa, sannan ya yi aiki da shi ba tare da satar fasaha ba. Wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, shi ya fara yi wa wannan ƙwarewa laƙabi a wani rahoto na 1974. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta fayyace ma'anarta a 1989, sannan reshenta na laburarorin jami'o'i, wato ACRL, ya amince da wani tsari mai ginshiƙai shida a 2016. Biyu daga ciki sun fi shafar zancenmu: cewa amincin mai magana ya danganta da fagen da yake magana a kai, da cewa ilimi tattaunawa ce da ke gudana tsakanin masana, wannan ya faɗa, wancan ya yi masa gyara, wani ya zo ya ƙara. A jami'o'in Najeriya wannan aiki kwas ɗin GST, na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, na amfani da laburare ne ya saba ɗaukarsa, a laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne ko a wani wuri. Gaskiya ɗaya ce: a wurare da yawa kwas ɗin ya koma hadda. Ɗalibi ya haddace azuzuwa goma na tsarin Dewey na jera littattafai, ya ci jarrabawar zaɓi-sonka a kwamfuta, ya fita bai taɓa neman maƙala ko guda da hannunsa ba.

Ga kuma inda ya fito. A sakandare littafi ɗaya ne, amsa ɗaya ce, kuma tana cikin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Rana tsaka lakcara ya ce masa ya rubuto shafi biyar, ya kawo madogara biyar daga mujallun ilimi, alhali bai taɓa ganin mujallar ilimi da idonsa ba. Wannan ba ciwon ɗalibanmu ne su kaɗai ba. Alison Head da abokan aikinta sun tambayi ɗalibai sama da 8,000 a jami'o'in Amurka a 2010, kashi 84 cikin ɗari suka ce abin da ya fi yi musu wuya a bincike shi ne farawa. Da suka yi hira da 'yan aji ɗaya kaɗai a 2013, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce sun kasa gane kalmomin da za su zuba a akwatin nema. Tun 1986 ma Constance Mellon ta nuna cewa tsakanin kashi 75 zuwa 85 na ɗaliban da ta nazarta sun bayyana haɗuwarsu ta farko da laburaren jami'a da kalmomin tsoro. Suna jin kowa ya iya sai su, kuma tambaya za ta tona musu asiri. A nan sai ka ƙara da kunya irin tamu, da Turancin da ga mafi yawansu harshe na biyu ne ko na uku. Sai ga wata aba a cikin waya wadda ba ta gajiya, ba ta harara, tana amsawa ko da ƙarfe biyun dare ne. Wa zai ga laifin yaro in ya nufe ta?

Sai dai ya kamata a san mece ce ita. Manhajar ba rumbu ba ce da ake ajiye littattafai a ciki ana ɗaukowa. An ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce, kuma duk amsar da take bayarwa haka take gina ta, gutsure bayan gutsure. Misalin da ya fi zauna mini shi ne na mutumin da ya shekara talatin a bakin zauren malamai yana jin karatu ta taga. Ya san yadda isnadi ke sauka a kunne: wane ya ba mu labari, daga wane, daga wane. Ya san sunayen maruwaita, ya san waɗanda aka saba jin su tare. In ka ce ya kawo maka isnadi zai zubo shi babu gargada, kuma sau da yawa zai dace, domin ya ji shi sau dubu. Ranar da bai ji ba kuwa, zai haɗa maka wanda ya yi kama da na gaske, da murya iri ɗaya, ba tare da shi kansa ya san ya ƙetare iyaka ba. Madogarar mujalla abu ne mai siga ƙayyadajja: suna, shekara, take, juzu'i, shafi. Babu abin da ya fi sauƙin kwaikwayo ga na'urar da aikinta ke nan. Abin da ya sa ma tambayarta "na gaskiya ne?" ba ya fisshe ka, domin "e" ɗin ma ta hanyar nan ta fito.

An auna girman abin. William Walters da Esther Wilder sun sa ChatGPT ta rubuta gajerun bitar nazarce-nazarce a kan batutuwa 42, suka bi madogara 636 da ta kawo ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa sakamakon a mujallar Scientific Reports a 2023. A samfurin GPT-3.5 kashi 55 cikin ɗari na madogaran ƙagaggu ne. A GPT-4 adadin ya sauko zuwa kashi 18. Ko a cikin waɗanda suke na gaske, kashi 43 na tsohon samfurin da kashi 24 na sabon suna ɗauke da kuskure mai nauyi. Ci gaba ne babba, ba a musu. Amma ga mai koyo, raguwar shaci-faɗin tana da nata haɗarin. Wanda yake maka ƙarya rabi da rabi ka san ka yi hattara da shi. Wanda yake faɗa maka gaskiya sau huɗu ya zame a na biyar, shi ne wanda kake sakin jiki da shi.

Saboda haka na daina tambayar ko ɗalibi ya yi amfani da ita ko kada ya yi. Tambayar da nake yi a kan kowane mataki na bincike ita ce: in ta yi kuskure a nan, wannan yaron zai iya ganowa da kansa, kuma cikin sauƙi? Inda amsar ta zama e, ina ƙarfafa masa gwiwa. Inda ta zama a'a, ina ja masa kunne.

Ɗauki taƙaita batu. Ɗalibi ya zo da "matsalar ilimi a Najeriya", batun da ko kundin digiri na uku ba zai ɗauke shi ba. In ya ce wa manhajar ta riƙa yi masa tambayoyi har batun ya tsuke, wane mataki na ilimi, wace jiha, waɗanne shekaru, ɗaliban ne ko malaman, to a nan babu abin da za ta ƙaga ya cutar da shi, domin shi ne mai yanke shawara. Haka neman kalmomin bincike. Ɗalibar nan tawa jimla sukutum take zubawa a akwatin nema, kamar mai yi wa mutum magana, rumbun kuma ya dawo mata da sifili ko da dubu ɗari. Da muka nemi manhajar ta jero mana kalmomin da masana ke amfani da su a kan noman rani, a ciki har da "fadama", kalmarmu ta Hausa wadda ta daɗe da shiga Turancin masana aikin gona, musamman tun da Bankin Duniya ya fara tallafa wa shirin Fadama a shekarun 1990. Ita da ta tashi tana jin kalmar a gida ba ta taɓa zaton mabuɗi ce a rumbun mujallu ba. Kyawun wannan amfani shi ne gwajinsa ba ya cin minti guda: ka zuba kalmar, ko maƙalu su fito ko kada su fito. Haka nan in ɗalibi yana da maƙala a gabansa, sakin layi ɗaya ya gagare shi, ya ce a warware masa da sauƙaƙan kalmomi, asalin rubutun yana nan yana kallo, zai iya komawa ya gwama. A waɗannan wurare manhajar tana cire masa tsoron farawa, wanda shi ne ya fi kayar da 'yan aji ɗaya.

Inda abin ke rikicewa shi ne lokacin da ta tashi daga mai nuna hanya ta koma ita ce madogara. Za a ce ai yanzu an gyara, tunda Perplexity da Copilot da Gemini da ita kanta ChatGPT suna iya shiga intanet su nemo shafuka su liƙa mahaɗarsu a jikin amsa, ga kuma irin su Elicit da Consensus da Scopus AI waɗanda aka gina a kan rumbunan maƙalu na gaske. Haka ne, kuma ina nuna wa ɗalibai wasu daga cikinsu. Amma matsalar sauya kaya ta yi. A da tambayar ita ce ko maƙalar tana nan. Yanzu tambayar ita ce ko maƙalar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, wannan kuwa ya fi wuyar ganowa nesa ba kusa ba, domin sai ka buɗe ka karanta. A watan Maris na 2025 cibiyar Tow ta Jami'ar Columbia ta gwada manhajojin nema guda takwas da tambayoyi 1,600: a ba su yankin labarin jarida, a ce su faɗi takensa da jaridar da ranar da mahaɗar. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na amsoshin ba daidai ba ne, kuma da wuya su ce ba su sani ba. A watan Mayun 2024 ma taƙaitacciyar amsar da Google ke ɗorawa a saman sakamakon nema ta shawarci mutane su zuba gam a miyar fiza don cukui ya kama, ashe daga wani tsohon barkwanci na dandalin Reddit ta kwaso. Mahaɗar ta gaske ce. Mai maganar ne ɗan wasa.

A nan ne tsohuwar hanyar koyar da tantance bayani ta gaza. Tun 2004 ake raba wa ɗalibai jerin tambayoyin nan biyar da Sarah Blakeslee ta tsara a wata jami'a a Kalifoniya: sabo ne, ya dace da batu, wa ya rubuta, daidai ne, mece ce manufarsa. Duk ana amsa su ne ta hanyar ƙura wa shafin ido. To amsar manhaja ba ta da marubuci, ba ta da ranar bugawa, harshenta kuma santsi, babu tuntuɓe. Duk alamun da aka koya wa yaro ya riƙa lura da su, kuskuren rubutu, zafin harshe, ƙazantar shafi, babu ko ɗaya a jikinta. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun nuna raunin wannan tsohuwar hanya tun 2017, kafin wannan guguwa. Sun ba masana tarihi 10 da ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10 da ɗalibai 25 shafukan ƙungiyoyi biyu na likitocin yara a Amurka masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya babbar ƙungiya mai mambobi fiye da 60,000, ɗayar 'yar ƙarama da ta ɓalle a 2002. Masu bin diddigi duk sun gane wacce ce abar dogaro. Masana tarihi rabi ne suka gane. Ɗalibai kuwa ɗaya cikin biyar, mafi yawansu ma ƙaramar suka zaɓa don shafinta ya fi burge su. Bambancin shi ne masu bin diddigi ba su tsaya karanta shafin ba. Cikin daƙiƙoƙi suka fice, suka buɗe wasu shafuka, suka nemi abin da wasu ke faɗa a kan mai shafin.

Duk lokacin da nake bayanin wannan a aji, ina ganin fuskokin waɗanda suka yi Islamiyya suna washewa, domin sun san abin tun kafin su ji sunan Stanford. Malaman hadisi ba su taɓa karɓar riwaya don daɗin bakin mai riwayar ba. Sukan bar shi su je su tambayi wasu: wane ne shi, wajen wa ya yi karatu, ya haɗu da wanda yake cewa ya ji daga gare shi kuwa, yaya haddarsa take? Fanni guda suka gina a kan haka. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Manhajar matani take kawowa, mai kyau, mai tsari, babu isnadi, ko kuma da isnadin da sai an bi shi. In na faɗa wa ɗan aji ɗaya haka, yakan kama cikin minti biyu abin da lakca uku ba ta shigar masa ba. Wanda bai taso da wannan karatu ba kuwa, ya san bambancin "an ce" da "na gani", ya san dattijon da in ka kawo masa labari sai ya tambaye ka, "Wa ya gaya maka?"

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu fiye da ɗaliban Amurka da Ingila. Kamfanin OpenAI da kansa ya bayyana a 2020 cewa kusan kashi 93 cikin ɗari na kalmomin da aka horar da samfurinsa na GPT-3 da su na Turanci ne. An faɗaɗa bayan nan, amma gindin maganar bai sauya ba: abin da ba a ɗora a intanet ba, manhajar ba ta gan shi ba. Ilimin da ya shafi ƙasarmu kuwa mai yawa yana kwance a takarda. Yana cikin fayilolin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, yana cikin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, yana cikin tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara tun 1939, yana cikin dubban kundayen digiri masu baƙin bango da ke jere a sassan jami'o'i suna shan ƙura. Da a ce in ba ta sani ba shiru take yi, da sauƙi. A irin waɗannan batutuwa ne shaci-faɗinta ke ƙaruwa, tana cike gurbi da abin da ya yi kama. Ka tambaye ta juyin juya halin Faransa ta ba ka amsa mai ƙwari, ka tambaye ta jerin hakiman wata gunduma ta zubo maka sunaye da irin wannan tabbaci. Abin da nake tsoro ba kuskuren kaɗai ba ne. Ina tsoron yaro ya tashi da zaton cewa abin da wayarsa ba ta sani ba, babu shi, ko bai cancanci a sani ba.

Wasu malamai sun nemi mafita a wajen manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. OpenAI ta fitar da tata a Janairun 2023, ta janye ta a Yuli saboda rashin inganci, tunda kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa. A shekarar wasu masu bincike na Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji bakwai da rubuce-rubuce 91 na masu jarrabawar Turanci ta TOEFL, waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne. Fiye da kashi 60 cikin ɗari aka ce na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne, yayin da rubutun yaran Amurka kusan duka ya tsallake lafiya. Dalili kuwa shi ne mai koyon harshe yana amfani da kalmomin da aka saba da su, ita kuma manhajar irin waɗannan kalmomi take ɗauka alamar na'ura. Wannan siffar ɗalibanmu ce dukansu. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe nata ma'aunin na kamfanin Turnitin a Agustan 2023. Malamin da ya kayar da yaro bisa hukuncin irin wannan ma'auni kaɗai ya aikata laifin da yake tuhumarsa da shi: ya karɓi maganar na'ura bai bincika ba.

Abin da nake yi a darasi mai sauƙi ne. Ina kasa su uku-uku a kan waya ɗaya, domin ba kowa ke da data ba, balle dala 20 a wata ta samfurin biya. Kowace ƙungiya ta nemi manhajar ta ba ta madogara biyar a kan batun da suka sani tun daga gida, kasuwar garinsu ko sana'ar iyayensu. Daga nan a ajiye ta, a shiga farauta. Kowace madogara a rubuta mata hukunci: tana nan kuma ta faɗi haka, tana nan amma ba haka ta faɗa ba, ko babu ita sam. Ihun da ke tashi a ajin lokacin da ƙungiyar farko ta kama ta dumu-dumu ya fi duk wa'azin da zan yi musu a kan satar fasaha. Kuma garin kama ta sun koyi shiga rumbu, sun koyi karanta tsakuren maƙala, sun san mece ce lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, da yadda ake bin ta. A jingar da ke biyo baya rabin maki na hanya ne: wace tambaya ka yi wa manhajar, me ta ce, me ka ɗauka, me ka zubar, don me. In ka yi amfani da ita ka faɗa, babu laifi. Nakan gaya musu cewa mujallar Nature ta ƙi yarda a sa ChatGPT cikin jerin marubuta tun Janairun 2023, saboda marubuci shi ne wanda za a riƙe in an sami ɓarna, ita kuwa ba ta da wuyan ɗaukar alhaki. Sunanka ne a saman takardar.

Yadda aka tsara amfanin shi ke raba riba da hasara, kuma akwai shaida. Hamsa Bastani da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a Turkiyya a darasin lissafi. Waɗanda aka ba GPT-4 sakaka sun fi sauran da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisaye, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17. Waɗanda aka ba samfurin da aka saita ya riƙa ba da haske ba tare da faɗin amsa ba, wannan koma-baya kusan bai same su ba. A Binin ta jihar Edo ma gwajin mako shida da Bankin Duniya ya tallafa a 2024 ya ba da sakamako mai kyau a darasin Turanci, amma da malami tsaye a kan yara yana jagorantar tambayoyin. Lissafi da Turancin sakandare ba binciken laburare ba ne, sai dai darasin yana ƙetarowa. Akwai wani ruɗani da ɗalibi ke shiga a tsakiyar bincike, lokacin da maƙala ta ɗaya ta ce kaza ta biyu ta ƙaryata ta. Carol Kuhlthau ta bayyana shi tun 1991 a matsayin zango na dole kafin mutum ya sami matsayarsa. Manhajar da ke narkar da maƙalu goma ta fitar da sakin layi ɗaya mai santsi tana ɗauke masa wannan zango, tana ɓoye masa cewa masanan ma ba su daidaita ba.

Ba zan ɓoye ba, duk wannan yana da daɗin faɗa a ajin mutum talatin. Ajin GST na mutum dubu ne ko fiye, a ɗakin taro mai lasifika ɗaya, kuma ma'aikacin laburare sa'a biyu ake ba shi a zango in an yi masa karamci. Bibiyar hanyar binciken ɗalibi dubu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai lakcarorin sassa sun ɗauki nasu kason a cikin kwasa-kwasansu, su kuma da yawansu babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda abar ke aiki. Ga dokar da ke sauyawa daga ofis zuwa ofis: wannan malami ya ce duk wanda ya taɓa ta ya faɗi, na kusa da shi ya ce a yi amfani da ita, yaro ya rasa na kamawa sai ya koma yi a ɓoye, inda babu mai gyara masa.

Ɗalibar nan ta dawo bayan mako biyu, wannan karon babu takarda a hannunta. Ta ce da kalmar fadama ta sami maƙalu shida, ta karanta huɗu, biyu daga ciki ma sun saɓa wa juna a kan ko ƙananan injinan ban-ruwa sun ƙara wa manoma riba, ta rubuta hakan a jingarta tana ɗar-ɗar kada malamin ya ce ta kasa tsayar da amsa. Abin da ya kawo ta shi ne uku daga cikin maƙalun duk sun ambaci wani kundin digiri na biyu da aka rubuta a jami'armu, ta neme shi a intanet babu. Ta ce, "Malam, ko shi ma ƙage ne?" Na ce ta hau bene na biyu, ƙofa ta ƙarshe ta hannun dama, ta nuna katinta, ta yi sauri don ƙarfe huɗu suke rufewa.